Baƙin Da Suka Biyo Akwatin Ɗana

Da hutun ƙarshen zango ɗana ya dawo daga makarantar kwana da akwatinsa na ƙarfe, ashe ba shi kaɗai ya dawo ba. Bayan mako biyu na fara ganin ɗigo-ɗigon baƙi a ɗinkin katifa, ƙanwarsa kuma ta tashi da kumburi uku a jere a hannu. Kuɗin cizo.

Ni a da ɗauka nake ɗan'uwan ƙuma ne ko kwarkwata. Ashe danginsa suna gonata. Masana sun sa shi a rukunin Hemiptera, tare da ƙwarin nan da ke tsotse kwanson wake kafin ya nuna. Bakinsu iri ɗaya ne, kamar allura: su ruwan tsiro, shi jinin mutum. Zuriyarsa ana ce mata Cimicidae, kuma yawancinsu jemage da tsuntsaye suke bi. Biyu ne suka fi addabar mu: Cimex hemipterus na ƙasashe masu zafi irin tamu, da Cimex lectularius, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758. Har mutanen Faris, babban birnin Faransa, sun sha fama da kuɗin cizo a 2023, abin da ya ɗan sanyaya mini rai.

Na fesa fiya-fiya, ɗaki ya ƙi shiguwa kwana biyu, yara suna tari. Bayan kwana goma sai ga su. Macen tana manne ƙwai cikin tsagar katako inda feshi ba ya kaiwa, su ƙyanƙyashe cikin mako guda ko fiye kaɗan. Ɗan yakan saɓe fata sau biyar kafin ya girma, kuma ba ya saɓewa sai ya sha jini. Waɗannan ɓawon da na riƙa sharewa a ƙarƙashin gado, kowanne cizo ne da wani a gidan nan ya sha. Babba kuwa yana iya yin watanni bai ci komai ba, don haka kulle ɗaki a tafi ƙauye ba dabara ba ce. Ba ya tashi, ba ya tsalle, numfashinmu da ɗumin jiki yake bi.

Tafasasshen ruwa ne ya yi mana magani. Uwargida ta kwarara shi a kowace gaɓar gado, zanen gado da tufafi suka sha tukunya, muka maimaita bayan mako guda. Yanzu duk ranar da yaron ya dawo hutu, a zaure ake buɗe akwatin.