Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Harawar da Inna Ta Hana a Sayar

Makon jiya na tsaya ne a inda na kwashi adashi, na ce wannan karon ba atamfa ba kwanuka. Kuɗin nan na damƙa wa Yaya a kakar 2022, ya tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tunda daga ƙauyenmu na gefen Gumel ba wata tafiya ba ce. Da la'asar sai ga shi da raguna biyu. Ɗaya Balami ne fari tas mai dogayen ƙafafu, ɗayan Uda, gaba baƙi baya fari kamar an tsoma rabinsa a marina. Duka biyun a rame suke, har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Na ɓata rai. Yaya ya ce, "Ke dai ba ki san kiwo ba. Ƙashi ake saye, naman ke za ki ɗora."

Na turke su kusa da tunkiyata 'yar ƙasa, wadda mahaifiyata ta ba ni tun ina amarya.

Gonarmu ba ta da girma. Gero ne da dawa, sai wake a tsakanin kunya. Da aka gama roron wake, Malam ya ce zai sayar da harawar ya huta. Inna, uwar mijina, tana kan tabarma tana jan carbi. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Cewa kawai ta yi, "Kai, ɗora ta a kan rumfa. Yanzu kowa na da ita, wa zai saya da daraja?" Aka ɗaure dami-dami aka ɗora, aka zuba ƙowa a buhuna, karan dawa kuma aka jingine a bayan ɗaki.

Ban gane darajar maganar nan ba sai farkon 2023, da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Mai dusa ya ce shi bai san wata taransifa ba, a ba shi tsaba. Maƙwabciyata ta karyar da tumakinta biyu don ba abin da za ta zuba musu. Ni kuwa kullum sai na sauko da dami, na haɗa da dusar geron da muke surfawa da ɗan jiƙon kanwa. Kafin bazara kuɗin harawa ya yi sama, ciyawa ta ƙare a daji, ragunana sai sheƙi suke.

Amma na yi wauta ɗaya. Garin son Balamin ya yi saurin ƙiba, na cika masa kwarya da dusa har da ragowar tsaba. Cikin dare cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana nishi. Inna ce ta ɗura masa man gyaɗa, ta sa Malam ya riƙa zagayawa da shi a tsakar gida har iskar ta fita. Washegari malamin dabbobi ya duba shi, ya ba su duka maganin tsutsar ciki, ya kuma yi mini faɗan da na cancanta.

Sallar layya ta faɗo ranar 28 ga Yuni. Wata guda kafin nan aka cire tallafin man fetur, fataken da ke lodin raguna zuwa Legas suka fara kukan kuɗin mota, suna taya dabba kamar ba sa so. Yaya ya sayar da Balamin saura kwana goma, ya yi kuɗi mai kyau ko bayan la'adar dillali. Udan kuwa ni na nace a jira jajibere, wai sai ya fi tsada. Kasuwa ta cika da raguna, masu saye suka janye, da ƙyar aka tsira da uwar kuɗi da 'yar riba kaɗan.

Daren Sallah ina ƙirga kuɗi, Malam ya ce cikin wasa, "To Hajiya mai tumaki, ina kuɗin harawata?" Kafin na buɗe baki Inna ta amsa daga ɗakinta: "In za a yi lissafi, fara biyanta takin da ka kwashe a jaki ka kai gona." Ya yi dariya ya fice masallaci.

Kwana uku bayan Sallah tunkiyar nan ta haifi tagwaye, mace da namiji. A kan macen ne muka sami saɓani da Yaya, wanda zan ba ku labarinsa mako mai zuwa in Allah ya kai mu.