Tsakanin ƙarar bindiga da tashin ƙura

Da sanyin safiya muka bar birnin Denba na Amurka, muka kama babbar hanya mai lamba 25 zuwa kudu, duwatsun Roki suna yi mana rakiya ta hannun dama. Bayan Tirinidad mota ta fara nishi a hawan mashigin Raton, mai tsayin kusan mita 2,400, har kunnuwana suka toshe. Muna gangarawa muka faɗa jihar Niyu Meziko. Ba nisa daga garin Raton sai ga Cibiyar Whittington, fili mai faɗin eka fiye da 30,000, inda ake gasar harbin nesa ta King of 2 Miles, wato sarkin mil biyu. Mil biyu kuwa yadi 3,520 ne, kilomita uku da ɗoriya.

Na daɗe ina karanta kalmomin masu harbin nesa. Abin da ya kawo ni shi ne in ga yadda suke aiki a fili.

Wani dattijo ya yarda na zauna a bayansa. Yana kwance rub da ciki a kan tabarmar harbi, bindigarsa mai cin harsashi samfurin .375 CheyTac a kan ƙafafunta biyu, abokinsa na gefe da madubin hangen nesa. Da ido zalla ban iya ganin farantin ƙarfen da suke bara ba. Kafin ya taɓa kunama sai ya ɗaga wata 'yar na'ura, Kestrel, ta auna masa gudun iska da zafi da matsinta. Ya ce min a tudu irin wannan iska ba ta da kauri, don haka harsashi yakan riƙe gudunsa fiye da yadda zai yi a bakin teku. Hawan da ya toshe min kunne ɗazu, ashe shi ma yana cikin lissafi.

Da na tambaye shi BC, sai ya ɗora min harsashi a tafin hannu: dogo, mai tsinin baki, gindinsa a tsuke. BC lamba ce da ke nuna iyawar harsashi wajen keta iska. Akwai ma'auni biyu da aka fi sani, G1 da G7, kuma na biyun ya fi dacewa da wannan siffa. Sai mil, ba na tafiya ba, na kusurwa: mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, mita ɗaya cur a mita 1,000. Da shi ake murɗa madubin bindiga sama, domin a wannan nisa harsashi hawa yake yi sosai kafin ya sauko kan abin bara.

Waɗanda suka fi kama min rai su ne ƙananan abubuwan da ke karkatar da harsashi. Layukan cikin bututu suna juya harsashi kamar katantanwa, in juyin na dama ne sai ya riƙa zamewa dama. Ƙasa ma tana juyawa a ƙarƙashinsa yana tafe, abin da ake kira Koriyolis, da sunan Bafaranshen da ya bayyana shi a 1835. A arewacin duniya shi ma dama yake kai harbi. Sannan ga lokacin da gudun harsashi ya ragu ya kusa na sauti, wajen mita 343 a daƙiƙa, inda wani yakan fara tangaɗi.

Duk waɗannan na'ura tana lissafa su. Iskar da ke tsakani ce ba ta da na'ura. Kestrel ta wurin da kake kawai take faɗa, ta tsakiyar kwari sai ido. Mai madubin yana karanta kawalwalniya, yadda take kwantawa hagu ko dama, da kaɗawar ciyawa. A ganina nan gwanintar take.

Dattijon ya saki numfashi, ya harba. Ƙasa ta motsa a ƙirjina. Daga nan sai shiru. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, har na soma zaton ya ɓace.

"Ƙura! Hagu, rabin mil," in ji abokinsa, idonsa bai bar madubi ba.

Dattijon ya ɗan gyara, ya ja sakata, kwanso ya faɗo yana hayaƙi. Ya sa wani harsashin da sauri, kafin iskar ta sauya.