Makomar buɗaɗɗun manhajojin ofis a wayar hannu, kamar yadda aiki ya nuna mini

Aikin horar da ma'aikata kan sarrafa takardu ya koya mini cewa hujjar da ta ɗaukaka LibreOffice a kwamfuta ba ta da wani ƙarfi a wayar hannu. LibreOffice manhajar rubutu da lissafi ce ta ofis, kuma buɗaɗɗiya ce, wato kowa na iya ganin lambobin gininta ya gyara su. Tun da masu gina ta suka ɓalle daga OpenOffice a 2010, abin da ake jan hankalin jama'a da shi shi ne cewa kyauta ce, ba sai an biya Microsoft kuɗin lasisi ba. A waya kuwa kowa kyauta yake bayarwa: Google Docs kyauta ne, haka WPS Office na kamfanin Kingsoft da ke China, Microsoft ma ya sakar wa masu waya Word da Excel tun 2014.

Ga kuma makara. LibreOffice Viewer ta Android ta fito a 2015, amma karanta takarda ne ainihin aikinta, sai a 2020 kamfanin Collabora na Ingila ya fitar da wadda za a iya gyara rubutu da ita yadda ya kamata. Manhajar da aka shafe shekaru ana gina ta domin babban allo da linzamin kwamfuta ba ta saurin miƙa wuya ga ɗan yatsa.

Abin da na fi lura da shi a wurin horo shi ne buƙatar ma'aikaci ba ta da yawa, sai dai ba ya yafe kuskure. An turo masa wasiƙa ta WhatsApp, yana so ya gyara suna ɗaya da kwanan wata ya mayar kafin maigidansa ya sake kira. Idan layukan jadawali suka karkace, ko tambarin ofis ya sauko tsakiyar shafi, zai ce “wannan ta ɓata mini takarda”, ya goge manhajar nan take, balle ma idan ta cinye masa wuri a waya. Ban taɓa jin wani ya tambayi ko lambobin ginin manhajar a buɗe suke ba. Tunda yawancin takardun da ke yawo docx ne, wato tsarin takardun Word, kullum da ma'aunin Microsoft ake auna manhajar.

Saboda haka, a ganina, kasuwar buɗaɗɗiyar manhajar ofis tana wajen hukumomi ne, waɗanda ba sa son bayanansu su kwana a rumbun wani kamfani na ƙetare. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice, kuma irin waɗannan masu saye ne ke biyan Collabora da OnlyOffice (wata buɗaɗɗiyar manhajar ofis) kuɗin tallafi da kulawa. Idan hukuma ta ajiye takardunta a rumbunta ta hanyar Nextcloud, manhajar ajiya da raba takardu, ma'aikacinta zai buɗe su a waya da manhajar da ofis ya tanadar masa, kuma hukumar ce za ta biya kuɗin gyara jadawalin nan da ya karkace.