Kafin ka biya kuɗin rigar walda, ka gwada ta da wuta

Ƙannena masu koyon walda, kuskuren da mu na gaba muka daɗe muna yi shi ne auna rigar aiki da hannu da ido. In yadi ya yi kauri, launinsa ruwan lemo, ga ɗamara mai ƙyalli a ƙirji, sai mu ce ta wuta ce. Yawancin irin waɗannan da ake zubewa a gwanjon Ƙofar Wambai ko a kasuwar Wudil auduga ce haɗe da roba, an ɗinka su ne don datti. Robar nan kuwa in tartsatsi ya kama ta narkewa take kamar leda ta manne a fata, gara ma zallar auduga da ita.

Fara juya rigar ka nemi takardar da ke wuya ko gefen ciki. Ta walda tana ɗauke da lambar ƙa'idar inganci ISO 11611, kuma aji biyu ce: aji 1 na ƙaramin aiki, aji 2 na aikin da narkakken ƙarfe ke yawan fallatsa, kamar walda sama da kai. ISO 11612 ta zafi da harshen wuta ce, in kuma daga Amurka ta fito za ka ga NFPA 2112. In an rubuta Nomex, zaren kansa ne ba ya cin wuta, wanki ba ya rage shi. In Proban ce, auduga ce da aka yi wa magani, tana da dokar wanki.

Amma takarda kowane tela zai iya liƙa ta. Saboda haka ka yanko ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu daga rarar ɗinki ta ciki, ka wanke shi sau uku ko huɗu, ya bushe sarai. Wankin nan kada ka tsallake shi, domin akwai yadin da feshi kawai aka yi masa a sama, ruwan farko ke tafiya da shi. Riƙe da filaya, nesa da jarkar fetur da tukunyar gas, ka kanga masa laita daƙiƙa 10 sannan ka janye. Na ƙwarai zai yi baƙi ya ƙandare, wutar ta mutu cikin daƙiƙa 2. Auduga zalla za ta ci gaba da ci tana warin ƙonanniyar takarda. Mai roba zai tattare, ya ɗiga, ya bar dunƙule mai tauri. Mai kayan da ya hana a yanka, bar masa abinsa.

Ɗinki ma abin dubawa ne. Aljihun waje ya kasance da murfi, zif da maɓallan ƙarfe a rufe da yadi. Kada ka naɗe ƙafar wando, nan tartsatsi ke kwanciya ya ci a hankali ba ka sani ba. In ya yi tsawo a rage shi. Faci da zaren roba ko da wani yadi daban, wurin ya tashi daga aiki.

Inda muka fi kashe riguna masu kyau shi ne wajen wanki. Bilic yana lalata maganin Proban, kuma ba za ka gani da ido ba. Sabulun sanda a ruwan rijiya mai zartsi yana barin ragowar sabulu a jikin zare, ita ma tana cin wuta, don haka omo ya fi. Sitati na shadda ne, kada mai wanki ya sa a nan. Rigar da ta sha baƙin mai da giris kuwa, man ne zai kama ko da yadin bai kama ba.

Sai abin da ke ƙarƙashi. Lokacin bazara samari kan sa rigar ƙwallo a ciki saboda zafi, alhali roba ce tsantsa, zafin da ya ratsa ta waje yana iya narkar da ita. Sa singiletin auduga, ka rufe maɓallan rigar waje har wuya.