Abin da Lokacin Kaka ya Koya Mini a Lambun Baba

Shekara uku ke nan da na gama makarantar koyon aikin gona na dawo lambun renon dashe na mahaifinmu, a gefen hanyar Kano zuwa Zariya, kusa da Kura. Na dawo da tunanin cewa kaka lokacin miƙe ƙafa ne. Ai kasuwarmu a damina take. Daga Yuni zuwa Agusta mutane ke tururuwa sayen mangwaro, goba, lemo da darbejiya, domin sun san ruwan sama zai raina musu. Ana shiga Oktoba ruwa ya ɗauke, sai ka wuni ba ka ga mai tambayar bishiya ko ɗaya ba. Kowa na gona yana yankan dawa da roron wake.

Ranar da na ce, "Baba, tunda ciniki ya tsaya, ku bari mu ɗan huta mana," dariya kawai ya yi, ya nuna mini wani layin tsamiya. Layin nan da shi nake alfahari, don ya fi kowanne kore da tsayi, kuma ni na cika ledojinsa da hannuna. Ya ce, "To ɗan boko, ɗago mini guda ɗaya." Na sunkuya na ja, leda ta ƙi tashi. Na ƙara ƙarfi, sai na ji ɗas, wani abu ya tsinke a ƙasa. Ashe saiwa ta huda ledar tuntuni ta nutse cikin ƙasar lambu, can take shan ruwanta. Koren da nake taƙama da shi na aro ne. Duk wanda ya sayi irin wannan dashe, rabin saiwar ya bari a wurinmu, kuma kafin mako biyu zai dawo yana cewa mun cuce shi.

Tun daga ranar, duk bayan mako biyu ko uku muna bin ledoji ɗaya bayan ɗaya, mu ɗaga, mu datse saiwar da ta leƙo, mu canja musu mazauni. Aiki ne mai cin baya, babu kuma wanda zai zo wucewa ya ce sannu da ƙoƙari, don ba a ganinsa. Dashen kan yi yaushi kwana biyu, sannan ya fitar da ƙananan saiwoyi a cikin ledar, waɗanda su ne za su riƙe shi ranar da ya bar hannunmu.

Ruwa ma sai da na sake koyon ba da shi. A makaranta na haddace cewa tsiro na son ruwa, amma ban san akwai lokacin da ake ja masa rai da gangan ba. Manoman rani na Kadawa da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga, wasunsu a wurinmu suke sayen dashen tumatir da tattasai. Muna zuba iri a fangali daga ƙarshen Satumba, mu rufe da busasshiyar ciyawa, da ya tsiro mu yaye. Tumatir kan isa dashe cikin mako huɗu zuwa biyar, albasa kuwa sai ta kai shida zuwa takwas. Saura mako guda a cire, Baba ke rage ruwa, ya janye rumfa rana ta dake su. A shekarar farko tausayi ya kama ni, na riƙa zagayawa da yamma ina ƙara wa fangali biyu ruwa a ɓoye. Suka yi zara-zara, gwanin sha'awa, karansu kuwa kamar zare. Manomin da ya saya ya dawo ya ce rana ɗaya ta kwantar da su. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai sa ni na ƙirga kuɗin mutumin na mayar masa da hannuna.

Tun ɓarnar da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016, manomi ba ya karɓar dashe sai ya juya ganye ya duba. Mu ma kowace safiya haka muke yi, muna neman farin tabon nan da take bari idan ta shige cikin ganyen tana ci.

Sauran aikin kaka tsere ne da hunturu. Auren mangwaro, wato ɗaura reshen iri mai kyau a jikin ƙaramin dashe, dole a gama shi kafin iskar ta sauko a Nuwamba, don da zarar hazo ya fara, reshen da aka ɗaura bushewa yake kafin ya kama. Ƙannena mata ke fere kwalfar zogale suna tara iri a ƙwarya. Ƙwallon kuka ba ya tsirowa da wuri sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an kankare bayansa. Irin darbejiya kuma ba ya jure ajiya. Na taɓa ɓoye mudu guda wata huɗu ina ganin na yi dabara, da na shuka bai fi a ƙirga da yatsu ba abin da ya fito.

Abin da ya fi ba ni haushi a da shi ne yawon neman kara. Ana gama girbi Baba zai tura mu da amalanke gonakin maƙwabta mu sayo karan dawa, mu biya injin casa mu ɗebo ɓuntun shinkafa. Ina ganin wannan ba aikin mai takarda ba ne. Da karan muke kafa shinge ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke bugowa, ɓuntun kuma mu haɗa da taki da yashi mu cika ledojin baɗi, galibinsu ledojin fiya wata da yara ke tsinto mana. Sai dai inda ka tara busasshen kara ka gayyaci gara, don haka kullum ana dubawa ana barbaɗa toka. Ga awaki, waɗanda ake saki da zarar an kwashe amfanin gona. A duk unguwar babu sauran kore sai namu, kuma akuya ɗaya ta isa ta aske layin goba kafin a idar da sallar la'asar.

Bana ni Baba ya bar wa lambun, shi yana zaune a ƙarƙashin gawon bakin rijiya, wanda yanzu ne yake fitar da sabon ganye alhali sauran itatuwa na shirin zubar da nasu. Jiya ƙanena ya kira ni in zo in ga wani layin kashu da ya fi sauran kyau. Na ce masa ya ɗago mini guda ɗaya.