Faifai huɗu lafiya lau, amma bayanai sun lalace

Wata Asabar cikin zafin Afrilu aka kira ni wani ƙaramin asibiti a Kano, wai manhajar bayanan marasa lafiya ta ƙi buɗewa. Na tarar da saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan asibitin, ƙirar Dell mai faifan ajiya huɗu, kowanne tera 4, an haɗa su a RAID 5, wato tsarin rarraba bayani a kan faifan duka yadda in ɗaya ya mutu za a iya dawo da abin da ke kansa daga sauran, fitilunsu duk kore shar. Manajan wurin sai maimaita min yake, "Injiniya, ai an ce mana ko faifai ɗaya ya mutu ba abin da zai ɓace." Gaskiya aka gaya masa. Sai dai babu faifan da ya mutu.

Na sake kunna na'urar, na danna Ctrl da R na shiga saitin kwantirolar PERC, wato katin da ke sarrafa faifan, nan asiri ya tonu. Ita kwantirola tana da 'yar ƙwaƙwalwarta, giga 1. In tana kan Write Back, takan karɓi bayani ta ce wa kwamfuta an rubuta, alhali yana hannunta, sai daga baya ta sauke shi kan faifai. Batirin da ke jikinta ne ke riƙe wannan amana in wuta ta yanke. To batirin nan ya daɗe da mutuwa, ga shekaru ga ɗaki ba iska. Da kwantirola ta lura, da kanta ta koma Write Through, wato ba ta cewa an rubuta sai bayani ya sauka. Aiki ya yi nauyi, don a RAID 5 ƙaramin rubutu ɗaya na cin aiki huɗu: karatu biyu, rubutu biyu. Ma'aikata suka yi ƙorafi, wani ya zo ya tilasta mata komawa Write Back ba batir. Gudu ya dawo, kowa ya ji daɗi.

Sai aka ɗauke wuta da rana tsaka, UPS bai riƙe ba kafin a tada janareta. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ya tafi, rumbun bayanai ya kwana rabi sabo rabi tsoho.

Abin ya dame ni ƙwarai, don tarihin maganin mutane ne a ciki. Kwafin da muka samu a wani faifan waje kwana tara ke gare shi.

Tunda dole a gina daga farko, ban mayar da RAID 5 ba. Lokacin da Patterson, Gibson da Katz suka bayyana matakan RAID a jami'ar Berkeley a 1988, faifai ba su kai ko kusa da girman na yanzu ba. Yau in ɗaya ya mutu cikin huɗun nan, sai an karance tera 12 daga sauran kafin a cike gurbinsa, kuma takardun faifan gama-gari da yawa suna nuna kuskuren karatu ɗaya a kusan tera 12.5. Tazarar ta yi min kaɗan. RAID 6 da RAID 10 duk tera 8 za su bari. RAID 6 yana jure mutuwar kowane faifai biyu, amma rubutu ɗaya na cin aiki shida. Na zaɓi RAID 10, inda kowane faifai ke da abokin da ke riƙe da kwafinsa, saboda aikinsu ƙananan rubutu ne ba tsayawa, duk da na san in faifai da abokin kwafinsa suka mutu tare, shi ke nan. Na gaya wa manaja wannan ƙarara, na kuma tsara kwafi kowane dare zuwa wata na'ura daban.

Na kashe ƙwaƙwalwar da ke jikin su kansu faifan, don batir ba ya kare ta. Na kunna Patrol Read ya riƙa zagaya faifan yana neman gurbin da ya fara lalacewa. Kwantirola kuwa na bar ta a Write Through har sabon batir ya iso bayan mako biyu. A tsakanin nan ma'aikata uku suka zauna da katunan takarda suna sake shigar da aikin kwana tara, ɗaya bayan ɗaya.