Daga Nansi zuwa Tawa: maganar maganin tansiyon tsofaffinmu

Assalamu alaikum mutanen Tawa da duk Adar. Ina gaida kowa, doguwar gaisuwa sai mun haɗu. Niyyata in ba ku labarin sanyin bana da wahalar sabunta takardar zama, sai ga saƙo uku cikin mako ɗaya, duk magana guda: "Ki aiko wa tsohuwa maganin hawan jini na Turai, na nan ba ya saukar da shi sosai."

Ba zan aiko ba, kuma ga dalili.

A gidan tsofaffi nake aiki nan Nansi, gabashin Faransa. Ni ba likita ba ce, nawa wanka ne da ciyarwa da awon tansiyo, wato awon hawan jini. Watan jiya wata dattijuwa mai shekara 89 ta tashi fitsari cikin dare, ta zube gefen gado. Na tarar da ita riƙe da ƙafar gadon, hannunta na rawa, tana cewa ɗakin ne ya juya mata. Nan faɗuwa ɗaya takarda ce guda: ƙarfe nawa, me ta ci, wane takalmi ta sa, ƙwaya nawa take sha. Da farko abin yana ƙona mini rai, yanzu na ga ranarsa. Likita ya sa muka auna ta tana kwance, sannan bayan ta miƙe da minti ɗaya, da kuma minti uku. Awon tansiyo lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa; tata ta sama kwance 13, tsaye 10 (wato 130 da 100 a wani lissafin). Ƙa'idarsu, idan lambar sama ta sauka da 2 ko fiye bayan an miƙe, to akwai matsala. Cikin ƙwayoyinta uku ya cire ɗaya.

Ranar Gwaggona na tuna, yadda take yunƙurawa daga tabarma da asuba ta nufi buta, ta dafa bango ta ce jiri. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne. Tsohuwa ta karye a ƙugu, sau da yawa daga wannan kwanciyar ba ta sake takawa.

Kada wani ya ce na ce a bar magani. Hawan jini yana shanye ɓarin jiki, yana kashewa. Binciken HYVET na 2008 ya nuna ko an haura shekara 80 magani yana rage mutuwa, amma burinsu saukar da tansiyo zuwa 15 da 8 ne kawai, kuma yawancin tsofaffin masu sauran ƙarfi ne. Wani binciken, PARTAGE, da aka buga a 2015 kan tsofaffi fiye da 1,000 a gidaje irin namu na Faransa da Italiya, ya gano waɗanda tansiyonsu ke ƙasa da 13 kuma suna shan maganin tansiyo iri biyu ko fiye sun fi mutuwa cikin shekara biyu. Alhajin da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa daban, wanda ya rame, tafiyarsa ta yi sanyi, sai an kama shi ya tashi, shi ma daban.

Ga kuma zafinmu. Afrilu da Mayu rana tana wuce digiri 40, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ga ƙwayar da ke sa yawan fitsari. In gudawa ko azumi ya haɗu da wannan, a koma wurin likita kafin a ci gaba da sha yadda aka saba. Diclofenac ɗin da ake saya wa Baba wajen masu talla saboda gwiwa yana tayar da tansiyo, yana taɓa ƙoda. Maggi da kanwa ku lissafa su cikin gishiri, wanda bai kamata ya kai giram 5 a yini ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan.

Sanyin dai yana nan, takardar ma ba ta fito ba tukuna. Wanda zai raka Gwaggo CSI, wato ƙaramar likitar gari, ya zuba duk ƙwayoyinta cikin leda, har da na gargajiya, ya roƙi a auna ta kwance da tsaye, ya turo mini lambobin ta WhatsApp.